Ƙafar da Ba Ta Kama Ƙasa

Ƙarshen damina ne, shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi yana fitar da kai. Duk Kurfai an shiga kaka da sanyin jiki. Mutane suna komowa daga gona da dammunan da jaki ɗaya zai kwashe, su gaisa a hanya, ba mai tambayar ɗan'uwansa abin da ya samu. A gidanmu babanku ya hau ya leƙa rumbu, ya sauko, ya kakkaɓe hannunsa, ni kuwa na gane abin da ya gani. Irin shekarar nan ce samari ke ɗaure jaka. A tashar Filinge da bakin kasuwa ba zancen da ake sai na arewa: wane ya kai Agadas, wane ya tsallaka Libiya ya aiko, wane kuma tun bara ba a sake jin muryarsa ba.

Ina rubuta wannan ne saboda na ji kuna faɗi, har jikoki sun ɗauka, wai ni ce na hana wanku tafiya, na yi masa kuka na riƙe masa riga. Ban yi kuka ba, ban kuma riƙe rigar kowa ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda muke ce wa kurdadi, hannuna ba ya sauri, amma gara in zauna in rubuta yadda abin ya kasance tun ina da sauran gani.

Sai kun fara gane abu ɗaya, ku da kuke kiran ƴaƴanku na fari da suna, kuna ɗora su bisa cinya gaban baƙi. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne. Ban taɓa kiran sunan wanku ba, kun ga ko nan ban rubuta shi ba. Da aka yaye shi, ɗakin kakarku aka kai shi, uwar babanku da muke ce wa Tsohuwa, can ya girma. In ina son ya faso mini itace, sai in faɗa wa iska ina kallon wani wuri, ko in aiki ƙanwarsa. In aka yabe shi gabana sai in sunkuyar da kai in ce ai ba ya jin magana. Ba ƙiyayya ba ce. Haka uwata ta yi wa yayarmu, haka na tarar ana yi, kuma macen da ta saki baki da ɗanta na fari, mata ba su ganin ta da nauyi. Har ya yi gemu ban taɓa zama kusa da shi mun yi hira ba.

A shekarar nan ya riga ya bar lakwal, wato makarantar boko, jarrabawa ba ta yi ba. Yana noma tare da babanku, ranar kasuwa kuma yana dakon buhuna, da haka ya sayi wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. A cikinta ya koyi yin waɗannan mutanen da gida ya sa wa suna ƴan tsinke. Kai ɗan zagaye, jiki layi ɗaya, hannu biyu, ƙafa biyu, shi ke nan. Sai ya zana ɗaya da ɗan yatsa, ya buɗe wani shafi ya sake zana shi ya ɗan gusa kaɗan, ya sake, ya sake, har yatsan ya yi sanyi. In ya kunna, shafukan su bi juna da gudu, sai ka ga ɗan tsinke yana tafiya ko yana kokowa. Abokansa suna taruwa a zaure suna dariya. Babanku yana cewa wasan yara ne a hannun mai gemu. Ni dai ina jin su daga madafa.

Wani malamin lakwal, da muke ce wa mushe, wanda ya taɓa koyar da shi ne ya haɗa shi da wani mutum a Yamai, mai ɗan wurin aiki inda suke yin zane mai motsi na faɗakarwa, irin wanda ake nunawa a likita kan wanke hannu da rigakafi. Mutumin yana neman yaron da zai koya wa aiki. Ya ce wanku ya yi masa mace ta ɗauki ruwa a bakin pompo, wato famfo, ta kai gida. Ya yi, ya aika. Amsar ta zo da murya, gajeruwa: zanen yana da tsabta, amma matar ba ta da nauyi, ya gyara ya sake aikowa sau ɗaya, in bai yi ba sai dai haƙuri. Wanku ya ƙara wa bokitin girma, ya ƙara kaurin layin, ya duba, shi kansa ya san ba nan gizo yake saƙa ba. Ya tambayi abokansa, suka ce ya yi kyau, mutanen Yamai ne da tsirfa. A lokacin kuma abokinsa Buba yana tara waɗanda za su bi mota zuwa Agadas in an gama ɗaurin hatsi, kullum yana zaurenmu.

Ƙanwarsa Rabi ce ta shigo da wayar cikin gida, lokacin tana budurwa ƙarama mai bakin tsiya, ta nuna wa matan da suka zo taya ni sussuka. Na yi kamar ina sheƙa, ina kallo ta saman kafaɗarta. Ga mace da bokiti a ka tana tafe, ga wata tsohuwa a bayanta da sanda. Da ganin tsohuwar na shaida ta, kakarku ce. Layi biyar ne kawai, ba ido ba baki, amma yadda take jefa sandar gaba, ta ɗan tsaya, sannan ta jawo ƙafar daman nan da ke mata ciwo, ba wanda ya zauna gidanmu da zai kasa gane ta. Mai bokitin kuwa ƙafafunta suna buɗewa suna rufewa kamar almakashi, amma ba su kama ƙasa. Zamewa take, kamar an ɗora ta bisa tabarma ana ja. Matan suka ce kai, yaron nan da hikima yake. Na ce ai zaman banza ne, kamar yadda ya kamata in ce.

Abin ya tsaya mini a rai. Da la'asar na kira Rabi gefen randa na yi ƙasa da murya.

“Ki ce ma wanki, tsohuwar nan ta baya ta yi, kowa yag gan ta ya san ko wa ce. Amma mai bokitin, ƙahwarta ba ta kama ƙasa. Ya duba nan.”

Ta ce to. Ta ruga zaure, inda yake zaune da Buba da sauran samari suna shan shayi, ta tsaya bakin ƙofa ta ɗaga murya, ina ji daga inda nake.

“Inna ta ce matarka aljana ce, ba ta taka ƙasa, iska ka tahiya da ita!”

Zauren ya ɗauki dariya. Na ji Buba yana cewa, “To ka ji, Mai Tsinke. Yamai sun ƙi, gida sun ƙi. Taso mu tahi inda ake biyan ƙarhi.” Muryar wanku ce kaɗai ban ji ba. Rabin saƙona na farko ya zube a tsakar gida tsakanin randa da zaure, wanda ya isa kuwa an sa masa barkono. Ban ga laifin Rabi sosai ba, yarinya ce, abin da zai ba da dariya ta ɗauka. Maganar da uwa ba ta taɓa yi wa ɗanta ba tun haihuwarsa, ranar da ta fara isa gare shi sai ta isa a matsayin ba'a gaban abokai.

Daga ranar bai sake zane ba. Wayar ta koma ta kiran Buba. Bayan kwana kaɗan ya durƙusa gaban babanku ya ce zai bi su arewa. Babanku ya daɗe yana kallon rumbu, sannan ya ce Allah ya sa albarka. Ban ga laifinsa ba shi ma. Ga bakuna a gida, ga rani mai tsawo a gaba.

Kwanakin nan ina daka ina tunanin madam ɗin da ta koya mana karatu a rumfar kurdadi. Ranar da na fara rubuta sunana bisa allo, duk baƙaƙen sun juya baya, wasu sun hau kan wasu. Na so in goge kafin ta iso. Ta riƙe hannuna, ta duba da kyau, ta ce layina ya miƙe, ban hau sama ban gangara ba, mata da yawa ba su iya wannan ba a ranar farko. Sannan ta nuna baƙi ɗaya tak, ta ce wannan cikinsa gaba yake kallo, in juyo da shi. Sauran ba ta taɓa su ba sai wata rana. Da ta ce mini duka ba daidai ba ne, da ban koma ba, kuma da gaskiya ta faɗa. Da ta ce ya yi kyau ta wuce, da har yau sunana a juye yake. Na ga wanku tsakanin waɗannan biyun yake: masu ce masa ya yi kyau ba su duba ba, masu ce masa bai yi ba ba su nuna masa wurin ba. Ni na ga wurin. Na kuma ga abin da ya iya. Kuma na riga na gwada aike. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, amma ba su faɗi yadda uwa za ta je gun ɗan farinta ba.

Wata hantsi babanku ya tafi gona tara kara, Tsohuwa ta tafi suna a unguwar maƙera. Wanku yana zaune gindin bishiyar bedi a tsakar gida yana ɗinke madaurin jakarsa. Na wanke hannuna, na goge a zane, na sake gogewa. Na je na tsaya kansa.

“Kai. Kawo wayar nan in gani.”

Ya waiwaya bayansa ya ga ko da wa nake.

“Da kai nike. Kunna min mai bokitin.”

Ya kunna ya miƙo da hannu biyu, kansa a ƙasa. Na jawo turmi na kifa na zauna kusa da shi. Na kalla har ƙarshe, na ce ya sake. Na sake cewa ya sake. Ina so ya ga da gaske nake kallo, kuma ina neman inda muryata ta ɓuya.

“Wagga ta baya, kakarka ce,” na ce.

Ya ɗago ido kaɗan. “Wa yag gaya miki?”

“Ba kowa. Ga yadda take jehwa sanda nan, ga ƙahwar dama tana jawowa. Wanda yay yi wanga da layi biyar ya iya kallon mutane. Ka iya. Shi na ce Rabi ta hwara gaya maka, ba ta kai ba.”

Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi a baki kamar “ka iya” ɗin nan ba. Ji na yi kamar na fita kasuwa ba kallabi. Shi ma bai san inda zai sa idonsa ba, sai murza igiyar jakar yake.

“Mai bokitin kuwa, abu guda za ni nuna maka yau. Taso.”

Na ɗebi ruwa a randa na yayyafa bisa rairayin tsakar gida har ya jiƙe. Na cika bokiti, na naɗa gammo, na ɗauka, na bi ta kan jiƙaƙƙen wurin a hankali, na sauke. Na ce ya zo ya duba sawuna.

“Mi ka gani?”

“Sawu.”

“Ya ja, ko ya zauna wuri guda?”

“Ya zauna.”

“To. Ƙahwar da tat taka, nan take tsayawa kamar an kahe ta, jiki ne ka wucewa bisanta. Ba ta tashi sai ƴar'uwarta ta sauka ta amshi kayan. Taka duk biyun tahiya suke lokaci guda, to wa ad ɗauke da ruwan?”

Ya tsuguna ya daɗe yana kallon sawun. Sai ya ɗauki wayar ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ja layin ƙasa, ya ɗiga ɗigo inda diddige ya sauka. Ya ga a shafi na gaba diddigen ya bar ɗigon, a na gabansa ya ƙara gusawa. Na ji ya ja numfashi ta hanci. Bai ce na gode ba, ni ma ban jira ba, na koma madafa. Da azahar na leƙo, jakar tana yashe gindin bedi, shi kuma yana ta goge ƙafafu yana sakewa.

Haka muka ci gaba, in gida ya yi shiru da hantsi. Kowace rana gyara ɗaya tak. Wani lokaci ina ganin kurakurai uku ko huɗu a jere, bakina yana ƙaiƙayi, sai in haɗiye in zaɓi wanda in an gyara shi zai jawo sauran. Kuma ban taɓa farawa da gyara ba sai na nemo abin da ya yi daidai tun jiya, na faɗe shi da sunansa, don “ya yi kyau” ba ta koya wa kowa komai. Ranar da ƙafar ta kama ƙasa na ce masa ta kama. Sannan na nuna masa ɗaukar kayan. Matar da ya zana tana miƙa hannu bokiti ya tashi ya hau kanta kamar faifai. Na ce ba mai ɗaukar ruwa haka. Sai ka fara yin ƙasa kafin ka yi sama. Ka buɗe ƙafa, ka duƙa, ka tattara ƙarfinka, ka kawo shi gwiwa ka huta, sannan ka cilla shi sama ka shige ƙarƙashinsa. In ya hau kai kuma ba a tafiya nan take, sai an ɗan tsaya ruwan ya daina kai da kawo, wuya ya sami zamansa. Ya ce tsayawar nan ɓata shafi ce, ba abin da ke motsi. Na ce ya gwada dai. Ya gwada, ya maimaita zane ɗaya a shafuka da dama ba canji, ya kunna. Sai ga bokitin ya yi nauyi a idonmu, alhali bai ƙara masa ko layi ba. Dariya ta kuɓuce masa. Ranar na fara sanin yadda dariyarsa take daga kusa.

Wata rana kuma wuya da ƙugu. Ya sa kan matar yana hawa yana sauka kamar na mai tafiya hannu sake. Na ce mai kaya a ka ba ta yarda kanta ya yi tsalle, in ya yi ta yi wanka. Kai yana tafiya a miƙe, ƙugu ne ke shan wahalar, yana kaiwa dama yana kaiwa hagu. Wannan ya ba shi wuya, don ɗan tsinke ba shi da ƙugu sai inda layuka suka haɗu. Ya yi ta fama, ya yi fushi ya ajiye wayar, ya ce ba za ta yiwu ba. Na ce jiya ma haka ka ce. Na bar shi na tafi tankaɗe.

Ba kullum nake da gaskiya ba. Na ce masa hannun da ba ya riƙe da bokiti ya riƙa lilo gaba da baya. Ya yi, muka kalla, sai ta zama kamar soja. Sai ya ce, a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai, ko zan sake ɗauka ya ɗauke ni bidiyo. Na ɗauka. Ya nuna mini. Ashe hannuna ba ya lilo ko kaɗan, a ɗan buɗe yake nesa da jiki, yatsu a sake, yana taya ni daidaita kayan. Shekara nawa ina ɗaukar ruwa ban san abin da hannuna yake yi ba.

“To, nan kai ka da gaskiya,” na ce. “Goge nawa, sa naka.”

Muna cikin wannan ne wata hantsi Tsohuwa ta dawo da wuri daga gaisuwar rashin lafiya, tare da wata maƙwabciya. Suka tarar da ni da bokiti a ka ina kai da kawo a tsakar gida, wanku yana tsugune yana cewa in sake, in rage sauri, ni kuma ina dariya. Tsohuwa ta dogara sandarta ta tsaya.

“Wagga wace irin rawa ta? Uwa na yanga gaban ɗan hwari, shina ba ta umurni?”

Na sauke bokitin na durƙusa na yi mata sannu da zuwa. Ta kau da kai. Wanku ya yi wuf ya tare ta da wasan jika da kaka.

“Tsohuwa, zo ki ga kanki. Na sa ki cikin waya, har Yamai za ki.”

Ta karɓa ta kawo kusa da ido. Ta ga mai sandar. Bakinta ya motsa.

“Ja'iri. Ni ka maishe tsinke? Ina ƙibata?”

“Ke kin ka cinye ta da goro.”

Ta kai masa duka da sanda tana dariya. Da shi tana iya dariya, jikanta ne. Da ta juyo gare ni fuskar ta rufe.

“Ni na rene shi don in ɗauke miki kunya. Ashe ba ki da wadda za a ɗauke.”

Ta shige ɗaki. Daga ranar, in na kai mata tuwo sai ta ce in ajiye, Rabi ta miƙo mata. Maƙwabciyar kuwa ba ta kwana da zancen ba. A bakin pompo na fara jin ana cewa ga ƙawar ɗanta nan. Wata da muka yi ƴanmatanci tare ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron bakin duniya, girma ya kama ni. Na ce na gode. Abin ya yi mini zafi, kada ku ɗauka bai yi ba. Mutuncin da mace ta tara da sunkuyar da kai shekara da shekaru, ba ta son ta ga ana wasa da shi a layin ruwa. Tsohuwa kuma har ta koma ga Allah ba mu koma kamar da ba, tana amsa gaisuwata, amma hirar da muke yi in dare ya yi tana tsinkar zogale, wannan ta ƙare. Na auna duk wannan, na auna hanyar hamada da ƴaƴan mutane da ba a sake jin muryarsu ba. Washegari da hantsi na sake cika bokiti.

Ban taɓa ce masa kada ya tafi ba. Ko sau ɗaya zancen tafiyar bai shiga tsakaninmu ba. Ba ni da hatsin da zan ce ya zauna ya ci, ba ni kuma da tabbacin mutumin Yamai zai ɗauke shi. Abin da nake da shi kawai shi ne in ya tafi, ya tafi ya san ya iya wani abu, kuma uwarsa ta gani.

Ana gobe motar su Buba za ta tashi, aikin ya kusa ƙarewa. Da la'asar ya kawo mini na kalla daga farko. Matar ta duƙa, ta kai gwiwa, ta ɗora, ta tsaya. Ta taka, ƙasa ta riƙe ta. Tsohuwa tana biye. Da suka isa gida ta sauke, sai ta miƙe tsaye cak kamar ba ita ta ɗauko ba.

“Tahiyar ta yi, ba ni da abin cewa,” na ce. “Saukewar ce da saura. Wadda tas sauke ruwa ba ta miƙewa haka. Wuyanta ya saba da kaya, sai ta ɗan dahe ƙugu ta miƙe sannu.”

Muna cikin haka Buba ya yi sallama ya leƙo, da sabon rawani a wuya.

“Mai Tsinke, direba ya ce a kai jaka yau, da asuba ba jira.”

Wanku bai ɗago daga wayar ba. “Ku tahi, Buba. Ban ƙare ba.”

“Mi ab ba ka ƙare ba? Wanga abin? In ba su ɗauke ka ba hwa?”

“In ba su ɗauke ni ba, na san dai na aika musu abin da ya taka ƙasa. Allah ya kiyaye hanya.”

Buba ya dube ni, ya dube shi, ya girgiza kai ya fita. Kafin magariba wanku ya gyara saukewar ya aika. Sai da zafi ya shigo sosai kafin mutumin Yamai ya kira shi ya ce ya zo, amma ranar nan ba wanda ya san za a yi haka. Abin da muka sani kawai mota za ta tashi ba shi, rumbu kuma yana nan yadda yake.

Babanku ya ji labari a masallaci. Da ya shigo bai nemi wanku ba, ni ya nema. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne.

“Ke kin ka yi wanga.”

“Malam, ban ce mishi ya zauna ba.”

“Ba ki ce ba, amma kin yi. To hatsin nan ba ya kai mu bazara. Ƴan tsinke za mu ci?”

“Gaskiyarka,” na ce. “Ba ya kai mu. Ka ba ni izini in hita da kasko.”

Ya dube ni. Tun da ya auro ni ban taɓa zaman talla bakin hanya ba, kuma ya san abin da za a ƙara faɗi a kaina. Sannan ya ce in yi abin da na ga zan iya.

Na jiƙa waken da na ɓoye don iri. Da asuba na surfa shi na kai niƙa, na ɗauki kasko da murhu da ɗan man da ya rage, na tafi bakin tasha na share wuri kusa da mai shayi. Motar Agadas tana tsaye ana ɗaure mata bido, wato jarkokin ruwa, da jakunkuna, samari suna hawa, iyayensu maza suna tsaye nesa kaɗan. Na hura wuta. Zubin farko na ƙosan na ƙulle a takarda na miƙa wa Buba ta taga, na ce su ci a hanya. Motar ta tashi ta yi arewa. Na bi ta da ido har ta sha kwana, sannan na juyo na zuba na biyu, don man ya riga ya yi zafi.